Littafin ban tsoro mai babi 140 zai zama fim: me za a yanke, me za a ɓoye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni marubuciya ce daga Daura. Na yi shekara biyu ina sakin wani littafin ban tsoro a WhatsApp, yanzu ya kai babi 140. Labarin wata amarya ne da aka kai tsohon gidan gado mai rufaffiyar rijiya a tsakar gida, kuma labarin yana komawa baya har zamanin kakar mijinta. Wani furodusa yana son mayar da shi fim, amma ya ce sai an cire labarin kakar, sannan a nuna aljanar rijiyar tun daga farko don a riƙe masu kallo. Raina bai kwanta ba. Me ya sa fim ɗin da aka ciro daga irin wannan littafi ba ya kai littafin ban tsoro? In yarda ko in ƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ƙara basira. Furodusan naki yana da gaskiya a rabi. Yanka kam dole ne, kuma zai fi abin da kike zato yawa. Amma maganar nuna aljana tun farko, wannan kada ki yarda, ko da zai fasa aikin. Ni nan Katsina nake, tsara labarin fim shi ne sana'ata, kuma na taɓa faɗa wa ramin da yake son jefa ki, don haka bari in yi miki bayani a tsanake.

Mu fara da lissafi, don shi ba ya jin kunyar kowa. A wajen masu tsara labari, shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo. Fim ɗin awa biyu shafi 120 ke nan, kuma shafin namu ba cikakke ba ne irin na littafi, rabinsa fili ne. Idan babinki ɗaya yana cin minti goma sha biyar a karatu, babi 140 ya kai awa 35. Kin ga abin da zai shiga fim bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ba ke kaɗai wannan ya taɓa ci wa tuwo a ƙwarya ba. Stephen King na Amurka ya fitar da littafinsa It a 1986, shafi sama da 1,100, wanda karatunsa da baki yake cin kusan awa 45. A 1990 tashar ABC ta yi shi a dare biyu, wajen awa uku. Daga baya darakta Andy Muschietti ya raba shi fim biyu, ɗaya a 2017 ɗaya a 2019, jimilla awa biyar da 'yan mintuna. Waɗannan mutane ne masu miliyoyin daloli, amma awa biyar suka iya ceto daga 45.

Abin da ya kamata ki lura da shi a nan shi ne inda suka sa wuƙa, don littafin ya yi kama da naki ta fuska ɗaya. Labarin abokai bakwai ne da suka gamu da wani mugun abu suna yara a 1957 zuwa 1958, sannan ya dawo bayan shekara 27 suna manya. A littafin, King ya saƙa zamunan biyu kamar igiyar kaba, babi na yarinta yana shiga cikin na girma, wani lokaci jimla takan fara a bakin babba ta ƙare a bakin yaro. Muschietti ya warware saƙar. Fim na farko yara zalla, ya ma matso da su zuwa 1988 da 1989, na biyu manya. Na farkon ya tara sama da dala miliyan 700, na biyun bai kai nan ba, kuma a ganina dalilin a fili yake: tsoron manyan a littafi daga tuna yarinta yake fitowa, abin da suka manta yana dawo musu kaɗan-kaɗan. Da aka riga aka nuna mana yarintar duka a fim na farko, sai manyan suka koma suna neman abin da mu masu kallo mun riga mun sani.

To haka labarin kakar nan taki. Ki zauna ki tambayi kanki: in an cire ta, rijiyar tana da sauran dalilin ban tsoro? In kakar ce ta jefa wani abu a ciki, ko ita ta sa aka rufe ta, ko ita ta ɗauki alkawarin da jikoki ke biya, to ita ce kashin bayan labarin, cire ta kamar zare dirka ne daga rumfa. Amma hakan ba ya nufin babi arba'in ɗin da kika ba ta duk za su shiga. Zamanin da yana da tsada. Ana bukatar tufafin da, gidan da babu wayar lantarki ko kwanon rufi, ƙwarya da akushi maimakon roba, sannan a hana babur wucewa a bayan kyamara. A cikin garin Daura ko Katsina a yau, samun lungun da zai ba ki shekarun 1950 ba tare da wata eriya ta leƙo ba aiki ne ja. Mafita ita ce kakar ta zauna a cikin gidan ba tare da an koma zamaninta ba sai sau uku ko huɗu. Ɗakinta da ba a buɗewa. Wata tsohuwar baiwar Allah a gidan da duk aka ambaci sunan kakar sai ta tashi ta bar wurin. Tasa guda da ake zuba wa tuwo kowane daren Juma'a a ajiye bakin rijiya, kuma babu wanda zai gaya wa amarya dalili. Tasar nan kaɗai za ta yi aikin babi goma.

Mutanen labarin ma haka. Dogon littafi yakan tara facaloli biyar, dangin miji takwas, ƙawaye, maƙwabta. Mai karatu ya yi wata da watanni da su, ya san kowa. Mai kallo ba zai riƙe fuska fiye da shida ko bakwai ba a awa biyu. Facaloli biyar su koma biyu, ɗaya mai taushi ɗaya mai zafi, a ɗora musu maganganun sauran. Za ki ji zafi, masu karatunki za su yi ta ƙorafi a zaure cewa an cire musu wance. Ki bar su su yi.

Yanzu ga babbar matsalar, wadda ta fi tsawo wuya. Littafi yana zaune cikin kan mutum, kyamara kuwa waje kawai take gani. Za ki iya cika shafi uku da abin da ke zuciyar amarya tana kwance da dare: ko mijin nan ya san abin da ke faruwa, ko ita ce hankalinta ke juyawa, ko ta gaya wa innarta a ce ta cika raki. Mai karatu yana cikin ƙirjinta, bugun zuciyarta nasa ne. Ki kawo wannan gaban kyamara, abin da za a gani mace ce a kwance ido buɗe. Shi ya sa 'yan fim ɗinmu ke gudu zuwa ga muryar zuci, jaruma ta yi tagumi murya tana ta zuba daga sama, ko a kawo ƙawa a zaunar da ita don kawai a yi mata bayani. Duka biyun suna kashe tsoro, don wanda ya samu bakin bayyana abin da ke damunsa ya riga ya samu sauƙi, mai kallo ma haka.

A nan ne King da darakta Stanley Kubrick suka saɓa a kan The Shining, littafin 1977 da aka yi fim a 1980. A littafin, mutumin uba ne mai son iyalinsa da ke fama da jarabar giya, muna cikin kansa muna ganin yadda otal ɗin da ya je gadi ke cin sa sannu a hankali. King ya daɗe yana ƙorafin cewa a fim ɗin tun fitowar farko Jack Nicholson, jarumin da ya fito a matsayin uban, ya yi kama da wanda ya riga ya taɓu, har ya kai ga rubuta nasa na talabijin da kansa a 1997. Ƙorafinsa yana kan hanya. Sai dai Kubrick ya yi wani abu da nake nuna wa duk yaron da ya zo koyon aiki wurina. A fim ɗin, matar mutumin ta je teburin da mijin ya shafe makonni yana bugun keken rubutu, ta ɗaga takardun, sai ta tarar jimla ɗaya ce ya yi ta maimaitawa, shafi bayan shafi. Babu wannan a littafin King. Haukan da marubuci ya yi babi-babi yana ginawa a cikin kai, darakta ya mayar da shi abin da hannu zai taɓa, ido ya gani a minti ɗaya. Aikin mai tsara labari ke nan. A naki, maimakon amarya ta ce tana zargin kanta, a nuna ta tana ɗaura zare a ƙofar ɗaki kafin ta kwanta. Da asuba zaren yana nan yadda ta ɗaura shi, ba a taɓa ba, amma tafin ƙafarta duk danyen laka ne. Ba sai kowa ya yi magana ba.

Sai aljanar. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a harkar ban tsoro wannan karin maganar gargaɗi ne. Duk mai karatunki ya ƙera tasa aljanar da kansa, daga tatsuniyar da aka yi masa yana yaro, da tsamiyar da ake hana shi bi ta ƙarƙashinta da almuru, da abin da ya taɓa gani a zazzaɓi. Mutum dubu, aljana dubu, kowace an auna ta daidai da mai ita. Ranar da kika sa wa 'yar wasa hoda da jan baki kika tsayar da ita gaban kyamara, kin karɓe dubun nan kin ba su guda ɗaya, kuma ba za ta kai ko ɗaya daga cikinsu ba. Ke 'yar Daura ce, misalin yana ƙofar gidanku. Duk wanda ya shiga ɗakin rijiyar Kusugu ya leƙa, abin da yake gani duhu ne da ɗan ƙyallin ruwa a ƙasa. Labarin macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo da dare ya sare shi, shi ke cika duhun. A ce yau wani ya sassaƙa macijin roba ya naɗe a bakin rijiyar, yara hoto za su riƙa ɗauka da shi suna dariya.

Littafi yana da wata dabara da fim ba shi da ita. A ƙarshen It, King ya nuna cewa siffar gizo-gizon da suka gani ba ita ce ainihin halittar ba, iyakar abin da hankalin ɗan Adam zai iya ɗauka ke nan. A takarda wannan yana sa tsigar jiki tashi. A fim ɗin 1990 kuwa dole aka ƙera ƙaton gizo-gizo aka nuna, kuma har yau shi ne wurin da masu kallo suka fi yi wa tsiya, bayan Tim Curry, wanda ya fito a matsayin halittar, ya gama razana su da fuskar ɗan wasan barkwanci kawai. Steven Spielberg kuma sa'a ya taka a Jaws na 1975, fim ɗin wani ƙaton kifi mai cin mutane. Kifin inji da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole ya koma nuna ganguna masu launin ruwan ɗorawa da aka maƙala wa kifin suna gudu a saman teku, da kiɗan John Williams mai sauti biyu. Kifin bai fito sosai ba sai da fim ya yi nisa ƙwarai, kuma rashin ganin nasa shi ya hana mutane shiga ruwa.

Ni ban taki wannan sa'ar ba. Shekarun baya mun ɗauki wani fim a wani tsohon gidan ƙasa cikin birni, can wajen Ƙofar Guga, da sanyin hunturu. Labarin fatalwar uwargida ne. A rubutuna sau biyu kacal take fitowa, kuma daga baya ake ganinta. Mai kuɗin ya ce shi bai biya kuɗin kwalliya don a ɓoye ba. Aka shafe yarinyar da farar hoda, aka zana mata baƙi a ido, aka sa ta fito sau goma sha ɗaya, edita kuma ya ƙara mata siddabarun kwamfuta tana ɓacewa da walƙiya. Da aka gama muka tara 'yan unguwa a soro muka kunna musu. Fitowar farko wata yarinya ta ƙanƙame yayarta. Ta uku aka yi tsit. Ta biyar sai wani yaro daga baya ya ce, "Ga mai fura nan ta dawo." Soron ya kwashe da dariya, kuma daga nan duk fitowarta sai an yi mata tafi. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Abin da ya fi ba ni haushi, akwai wuri guda a fim ɗin da ya yi aiki, kuma ba mu kashe masa ko kwabo ba. Jaruma tana alwala a tsakar gida da tsakar dare, sai aka ji daka a bayan katanga, lugude irin na mata biyu. Ta tsaya, dakan ya tsaya. Ta ci gaba, ya ci gaba. A nan babu wanda ya yi tari a soron.

Wannan ya kawo ni ga sauti, wanda shi ne rabin fim ɗin tsoro kuma shi muka fi wulaƙantawa. Ɗaukar dare tana bukatar fitila, fitila tana bukatar janareto, janareto kuma yana cinye shirun da tsoro ke rayuwa a ciki. Sai a zo wajen haɗawa a rufe ƙararsa da kiɗa daga farko har ƙarshe. Ki sa a yarjejeniya cewa za a ware kwana ɗaya ko biyu a naɗi sauti shi kaɗai, bayan an kashe inji: ƙarar guga tana bugun bangon rijiya, kukan ƙyauren langa-langa, takun silifa a kan yashi, kiran assalatu daga nesa. Ki tuna kuma yawancin masu kallonki a waya za su gani, wataƙila da rana tsaka a shago ko a ɗakin girki. Duhun da ke da kyau a babban allo baƙi ƙirin ne a waya. Don haka a rage dogaro da duhu. Tsakar rana a gidan da kowa ya tafi biki, rana ta take, kaji sun yi shiru, murfin rijiya a goce kaɗan, wannan ma abin tsoro ne, mu da muka tashi ana hana mu fita da tsakar rana mun sani.

Za ki ce to a yi shi mai dogon zango mana, tunda yanzu kasuwar ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Ga littafi mai babi 140 wannan ya fi fim guda dacewa, kuma kakar za ta samu wurin shimfiɗa tabarma. Amma shi ma da nasa ciwon. Tsoro ba ya jure jira na mako guda kamar soyayya ko rikicin gado. Kuma tsarin kuɗin yana tura furodusa ya ja labari, kashi goma ya koma hamsin muddin ana kallo. Labarin kishiyoyi zai iya ɗaukar wannan, rijiya ba za ta iya ba, don duk kashin da aka ƙara sai an sake buɗe ta. Mike Flanagan ya ɗauki The Haunting of Hill House, gajeren littafin Shirley Jackson na 1959, ya yi wa Netflix a 2018, kashi goma ya tsaya. Ni zan ba ki shawarar kashi goma zuwa goma sha uku, a rubuta su duka har ƙarshe kafin a kunna kyamara, kowane kashi ya tona sirri ɗaya na gidan, ya kuma bar amarya cikin halin da ya fi na baya muni.

Akwai abin da ya bambanta mu da waɗancan da na ambata. Mai kallonmu ya yi imani da samuwar aljanu, ba sai an lallashe shi ba. Riba ce babba. Amma ya san magani kuma, don haka tun daga minti na goma yana jiran a kira malam a yi ruƙiya a tashi. In ƙarshen labarinki shi ke nan, babu sauran fargaba. Ba ina cewa a nuna addu'a ba ta ci ba, wannan ba zai wuce wurin masu tace fina-finai ba, ni ma ba zan rubuta shi ba. Abin da nake cewa, nauyin ya koma kan mutane: wa ya sani ya yi shiru, wa ya kawo yarinyar mutane gidan alhali ya san abin da ya sami matar farko, me za a rasa in gaskiya ta fito. Malam zai kori aljana, amma ba zai goge abin da surukarta ta aikata ba. Sannan in akwai zargin maita a littafin, ki yi hattara da yadda za a nuna shi. A takarda kina da sarari ki bar shakka. A allo, tsohuwa mai jan ido da aka nuna tana lasar baki ta zama mayya, kuma a garuruwanmu akwai tsofaffin da irin wannan zargi ya jawo musu duka da kora.

Maganar takarda a gajarce. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta ba marubuci ikon hana a juya aikinsa zuwa fim sai da izininsa, kuma mallaka wa wani wannan haƙƙi sai a rubuce. Rikicin tsoho ne: a 1922 wasu Jamusawa suka yi Nosferatu daga Dracula na Bram Stoker ba izini, matarsa ta kai ƙara, kotu ta ce a lalata kwafin fim ɗin, da ƙyar wasu suka tsira. Kada ki tsaya a kan "ai mun yi magana ta waya". A rubuta shekara nawa haƙƙin zai yi a hannunsa, zango nawa, nawa za a biya ki da yaushe, sunanki a ina zai fito, kuma ke za ki ga rubutun fim ɗin kafin a fita lokeshan.

Kafin ki sa hannu, ki roƙe shi abu ɗaya mai arha. Ya ɗauki fitowa guda ta minti biyar sau biyu, daren farko na amarya a gidan. Ɗaya yadda yake so, da aljanarsa da kwalliyarta. Ɗaya kuma babu kowa sai amarya, da fitilar kwai, da tasar tuwon nan a bakin rijiya, ta shiga ɗaki ta fito ta tarar da tasar wayam an kife ta. Ki tura wa mutum goma daga cikin masu karatunki bayan sallar isha'i, kada ki gaya musu wanne ne naki. Da safe ki tambaye su wanne ne ya hana su fita zagayawa da dare, ki kai masa amsar tasu.